Garin "sitem sel" da ake tallatawa a Kano: me ke cikin fakitin?

Kwalin yana da kyau, babu musu. A ciki akwai ƙananan fakiti na gari mai ɗan zaƙi, ana cewa a zuba ɗaya a ƙarƙashin harshe da safe kafin a karya. Masu tallarsa a Kano, a ɗakunan taro da zaurukan WhatsApp, suna lissafa ciwon suga, hawan jini, sikila, shanyewar ɓarin jiki, ciwon ƙoda da rashin haihuwa cikin abubuwan da yake warkarwa. Kuɗinsa ba kaɗan ba ne, kuma ba a taɓa cewa kwali ɗaya ya isa.

Juya bayan kwalin ka karanta. Galibi abin da ke ciki daga tsirrai aka samo shi: tuffa, inabi, wasu 'ya'yan itatuwa, sai bitamin. An busar da su an niƙa, ƙwayoyin halittar da ke cikinsu sun riga sun mutu. Ko da a raye suke, ƙwayar halittar tuffa ba ta zama jinin mutum ko ƙodarsa, kuma duk abin da aka haɗiye ciki narkar da shi yake yi kamar kowane abinci. Lambar NAFDAC a jikin irin waɗannan kaya izinin sayarwa ce. Shi ya sa ake rubuta a jikinsu cewa hukumar ba ta tantance iƙirarin warkarwar ba.

Abin takaicin shi ne sunan da aka ara na magani ne na gaske. A cikin ɓargon ƙashin mutum akwai ƙwayoyin asali, wato "sitem sel", da ke haifar da dukkan ƙwayoyin jini, kuma dashensu na warkar da sikila da wasu nau'o'in kansar jini. Asibitin Koyarwa na Jami'ar Benin ya yi wa mai sikila dashen ɓargo na farko a Najeriya a 2011, Asibitin Koyarwa na Jami'ar Legas ya fara nasa a 2024.

Aikin ba na kwana ɗaya ba ne. Da farko ana gwajin da ake kira HLA don neman mai bayar da ɓargo wanda jikinsa ya dace da na majinyacin. Tsakanin 'yan uwa ciki ɗaya, uwa ɗaya uba ɗaya, damar dacewa ɗaya ce cikin huɗu. 'Yan uba ba kasafai suke dacewa gaba ɗaya ba, abin lura ne a gidajenmu masu mata fiye da ɗaya. Sannan a ba majinyacin magunguna masu ƙarfi irin su busulfan na kwanaki, don kashe tsohon ɓargon. Mai bayarwa kuma a sa shi barci, a zuƙo ɓargo daga ƙashin ƙugunsa ta baya, ba a wuce mililita 20 a kan kowane kilo na nauyinsa. Ana ɗura wa majinyacin ta jijiya kamar ƙarin jini. Daga nan sai jira: mako 2 zuwa 4 a keɓaɓɓen ɗaki kafin sabon ɓargon ya kama aiki, lokacin da garkuwar jiki ta kusa ƙarewa, ƙaramin zazzaɓi ma na iya kisa. Dashen na iya ƙin kamawa. Sabuwar garkuwar na iya juyowa ta yaƙi fata da hanta da hanjin majinyacin, dalilin da ya sa ake shan magani irin cyclosporine na watanni. Magungunan kashe tsohon ɓargon kuma na iya hana haihuwa. Duk da haka, a yaran da suka samu ɗan uwa da ya dace, kusan 9 cikin 10 suna rabuwa da sikila.

Akwai kuma masu cewa za su ɗebi kitsen cikinka su tace "sitem sel" ɗin da ke cikinsa su mayar maka ta allura. Bincike a kan gwiwa da jijiyoyi yana gudana, amma bai kai a ce magani ne tabbatacce ba. A 2017 likitoci a Amurka sun ba da rahoton mata uku a Florida da aka yi wa irin wannan allura a ido, ganinsu ya lalace.

Garin kansa ba lallai ya cutar ba. Ɓarnar tana zuwa ne lokacin da aka ce wa mai suga ya ajiye insulin, ko uwar mai sikila ta daina sayen hydroxyurea da folic acid da maganin rigakafin maleriya saboda kuɗin sun tafi a kwali, ko mai wankin ƙoda ya tsallake ranarsa. Don haka ban ga dalilin sayensa a matsayin magani ba. Iyayen da ke tunanin dashen ɓargo su fara da likitan jini a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, su je da takardar gwajin jinin yaron da tarihin kwanciyarsa a asibiti, su tambayi yadda za a yi wa 'yan uwansa gwajin HLA.