Baƙar a-kori-kura ta karce: folish, ɗigon fenti, ko a kai ta Magazin?

Kawuna yana da baƙar Hilux da yake zirga-zirga da ita tsakanin Kumasi da Techiman, wani lokaci har Tamale. Ranar wata Juma'a bayan an sauko daga masallaci a unguwar Aboabo da ke Kumasi ya ja hannuna zuwa gaban motar, ya nuna min goshinta. Tsakuwar hanya ta tsattsage fentin kamar an watsa gero, ga wani dogon karce a ƙofar baya. Ya ce, "Ɗana, gobe zan kai ta Magazin a feshe ta gaba ɗaya." Magazin ita ce unguwar makanikai da masu fentin mota da ke Suame a Kumasi. Na ce, "Kawu, a yi haƙuri, kada a fitar da kuɗi tukuna. A bari mu ga zurfin raunin."

Fentin mota hawa uku ne. A kan ƙarfe akwai firama mai launin toka ko fari, sai baƙin kansa, sai wani garai-garai mai sheƙi a sama wanda masu fenti ke kira kiliya. Dukansu a haɗe ba su fi kaurin takarda ɗaya ko biyu ba. Karce a kan kiliya yakan fito fari-fari, shi ya sa abin da farar mota za ta ɓoye, baƙa sai ta tona shi. Wanke wurin, ka bi shi da farce. In farce ya wuce bai maƙale ba, ko kuwa karcen ya ɓace da aka zuba ruwa ya dawo da wurin ya bushe, to a kiliya ya tsaya. In ya maƙale har ana ganin toka-toka, ya kai firama. In ƙarfe ne ke ƙyalli, ko ya fara ja, sai a yi hanzari.

Ga karcen da bai wuce kiliya ba, man goge fenti mai ɗan kaushi da folish sun wadatar, kuma su ne mafi arha. Ana shafawa a inuwa, jikin motar a sanyaye, da ƙyalle mai laushi mai tsabta. A sani dai folish ba ya cike rami, yana rage kiliyar da ke kewaye ne har ta daidaita da ƙasan karcen. Yaron da ya danna injin folish a wuri ɗaya, musamman a kan gefuna, zai cinye kiliyar, ya bar maka tabon da ya fi na farko muni. Kakin nan mai baƙin launi da ake sayarwa kuwa kwalliya ce ta ɗan lokaci, wanki biyu ko uku ta tafi.

Inda na fi so mai mota ya tsaya shi ne tsagar tsakuwa, domin nan ne ake asarar kuɗi a banza. Ƙananan ramukan nan ɗigon fenti suke so. Kafin ka saya, nemi lambar fentin motarka. A Toyota, irin Hilux ɗin kawu, galibi tana jikin takardar da ke manne a ginshiƙin ƙofar direba, kusa da haruffan C/TR. Baƙi ba iri ɗaya ba ne: 202 baƙi ne zalla, 209 da 218 suna da ƙyalƙyali a ciki wanda sai rana ta buga ake gani. A Nissan, KH3 shi ne baƙi zalla. In ka ɗiga zalla a kan mai ƙyalƙyali, da rana za ka ga tabo-tabo kamar zanzana. Akwai alƙalamin fenti da ake shigowa da shi, akwai kuma masu haɗa fenti a Suame da za su haɗa maka ɗan kaɗan a kwalba in ka ba su lambar. Ni na fi son na kwalba, saboda mai haɗawa zai iya gwada shi da murfin tankin mai a gabanka, kuma bakin alƙalami ya cika fāɗi ga ramin da bai kai ƙwayar wake ba.

Aikin na haƙuri ne. A wanke, a cire maiƙo, a kankare tsatsa in akwai. Inda ƙarfe ya fito a fara da ɗigon firama. Sannan a ɗauki fentin da tsinken sakace, a ɗiga cikin ramin, a bari ya bushe, a ƙara. Kada a shafa kamar mai sa lalle. Bayan kwana biyu ko uku ana iya daidaita shi da samfefa mai lamba 2000 ko 3000 a jiƙe, a bi da folish, amma wanda bai saba ba gara ya bar wannan matakin. Daga taku uku ba wanda zai gani. Wanda ya duƙa ya sa ido zai gani.

Dogon karcen da ya kai ƙarfe, ko wanda ya zo da lotsawa, na mai feshi ne. A feshe ƙofar kaɗai. Gwangwanin feshi na kanti ba na ba da shawararsa a kan baƙar mota, yakan fito dushi-dushi kusa da fentin kamfani. Wajen zaɓen mai feshi, tambaye shi ko kiliyarsa mai haɗin maganin tauri ce, da kuma inda zai yi feshin. Mai ɗaki rufaffe ya fi tsada, amma mai feshi a fili a tsakiyar hunturu zai haɗa maka fentin da ƙurar Disamba. Ka ce ya nuna maka baƙar motar da ya gama, a hasken rana, ka dubi ko fuskar fentin ta yi ƙurji-ƙurji kamar ɓawon lemo.

Feshin mota gaba ɗaya shi ne na ƙarshe a lissafina. Ban da tsada, ranar da za a sayar da ita mai saye zai fara tambayar wane hatsari ta yi.

Wani abu a gefe: man burki yana cin fenti, kada wani ya ce a goge karce da shi. Kuma yawancin siraran karcen da ke zagaye kamar saƙar gizo a wurin wanki ake samo su, daga tsumman da ya faɗi ƙasa aka ɗauka, ko daga goge ƙura a bushe.

Kawu dai ya sayi ƙaramar kwalbar 218, muka yi goshin motar a asabar biyu, ƙofar baya kaɗai aka kai Magazin. Na matsa masa a gama kafin ruwan Afrilu ya sauka a kan ƙarfen da ke buɗe. Masu mota a Accra su ma kada su jira damina, iskar teku tana kawo tsatsa ko ba ruwa.