Ɗanyen nama rabi da rabi, dafaffe, ko na buhu? Amsa ga mai muzuru

Salamu alaikum 'yar uwa. Tun jiya da daddare naga tambayarki, sai naga abin ba na layi biyu bane shi yasa na bari sai da na samu nutsuwa. Kince muzurunki ya shekara ɗaya da rabi, tun yana ɗan mitsitsi busasshen abinci na buhu yake ci, yanzu kuɗin buhun ya fi ƙarfin aljihu, kuma kinga bidiyon Turawa suna zuba wa magensu ɗanyen nama da wuyan kaza, shine kike so ki raba, safe ɗanye yamma na buhu, kina tambaya wanne yafi. Kin kuma ambaci cewa kina da yarinya mai rarrafe, ki riƙe wannan a ranki don shine ya fi komai nauyi a amsar da zan baki.

Ni shekarata bakwai ina kiwon mage, duka ukun na gwada su, na buhu, ɗanye, da wanda nake dafawa da kaina. Kuma tun daga farko in gaya miki inda na tsaya: rabi da rabin da kike nufi, indai tsokar nama ce zalla zaki siyo wajen mahauci ki yanka ki zuba masa, ya fi na buhun da kike gudu matsala. Ko dai ɗanyen ya zama ɗan taɓawa kaɗan, ko kuma a haɗa shi haɗi na gaske, ko a dafa.

Bari in fara da inda masu ɗanye suke da gaskiya don suna da ita. Mage ba kamar kare bace, kare zai ci tuwo ya rayu, ita kam jikinta na nama ne, asalinta ma magen daji ce ta ƙasashe masu fari irin namu wadda yawancin ruwan jikinta daga abinda ta farauto take samu, shi yasa har yau bata damu da kwanon ruwa ba. To busasshen abinci ruwan cikinsa bai wuce kashi 10 cikin 100 ba, nama kuwa ɗanye ko dafaffe da romonsa yana kai kashi 70 ko fiye. A zafin Afrilu da Mayu da muke kai digiri 40 wannan bambancin ba ƙarami bane, musamman ga muzuru, don hanyar fitsarinsa siririya ce tana iya toshewa. Ta wannan ɓangaren ɗanye da dafaffe duk sun doke na buhu, ba ma kusa ba. Sannan kashinsu yana raguwa, warinsa ma haka, gashin yana sheƙi, na gani da idona ba labari ba.

Amma in aka zo maganar cikar abinci sai labari ya sha bamban. Mutane suna cewa ai magen ƙauye ɓera take ci ɗanye kuma lafiyarta lau. Eh, amma ki duba yadda take cinsa, kai da ƙashi da hanta da zuciya da gashi duk take haɗiyewa, kuma yanzu-yanzu ta kashe shi. Tsokar cinyar saniya ba ɓera bace. Abu na farko da babu a tsoka shine kalsiyam, shi a ƙashi yake, tsoka kuwa cike take da fosforas, idan mage ta daɗe tana cin tsoka ba ƙashi sai jikinta ya dinga zarar kalsiyam daga nata ƙashin har ya yi laushi. Wannan ni ya taɓa faruwa dani, wata 'yar kyanwa da na tsinta, don tausayi na dinga bata jan nama zalla ina ganin gata nake mata, wajen wata biyu sai naga ta daina tsalle kan kujera, tana ɗingishi, in an ɗauketa tayi kuka. Likitan dabbobi yana jin abinda take ci yace ai ga ciwon nan. Allah ya taimaka ta warke bayan an gyara abincin amma har yau in na tuna raina baya min daɗi. Naki babba ne, abin ba zai bayyana da sauri haka ba, amma hanyar ɗaya ce.

Na biyu wani sinadari ne da ake kira torin, mu da karnuka jikinmu yana haɗa shi da kansa, mage bata iya haɗa wanda zai isheta sai ta ci a nama. In ya yi ƙaranci zuciyarta tana buɗewa ta saki, idon ma ya mutu a hankali, kuma na idon baya dawowa. A 1987 ne wani likitan dabbobi Paul Pion da abokan aikinsa a Jami'ar Kalifoniya da ke Davis suka gano cewa ciwon zuciyar da ke ta kashe maguna a Amurka rashin wannan sinadarin ne, kuma fa abincin kamfani magunan suke ci a lokacin, daga nan ne kamfanoni suka ƙara yawansa a abincinsu. Kinga kenan na buhu ma ba daga sama ya faɗo ba, gyara shi akayi bayan anyi asara, amma yanzu an gyara ɗin, duk buhun kirki irin su Whiskas ko Royal Canin da aka rubuta cikakken abinci ne to akwai torin da kalsiyam daidai gwargwado a ciki. A nama kuwa ya fi yawa a zuciya da cinyar kaza, ƙirjin kaza bashi da shi sosai. A nan ɗanye ya ɗan fi dafaffe, don in kika tafasa nama torin yana fita ya bi ruwa, amma maganin wannan mai sauƙi ne, kar ki zubar da romon, ki haɗa masa da shi.

Hanta kuma ita ce tarkon da kowa ke faɗawa saboda araha ce kuma mage tana haukan sonta. Tana buƙatarta kam, don bata iya samun bitamin A daga karas ko ganye kamar mu, amma in tayi yawa bitamin ɗin yana taruwa ya sa ƙashin wuya da na baya su tsiro su manne har ta kasa juya kai ta lashi jikinta. Masu haɗa abincin da kansu basa wuce kashi 5 cikin 100 na hanta. Wannan ko ɗanya ko dafaffiya duk ɗaya ne, wuta bata rage shi.

To lissafin da likitoci ke bayarwa shine, duk abinda ba cikakken abinci ba kar ya wuce kashi 10 cikin 100 na abinda take ci a rana, sauran 90 ɗin zai rufe giɓin. Amma in kika kai shi rabi to rabin kalsiyam ɗinsa kika cire, na buhun da ya rage ba zai iya biyan bashin ba. Shi yasa nace rabi da rabi ba tsaka-tsaki bane kamar yadda ake gani, mataki ne da sai kin koyi haɗi.

Yanzu ga inda ni na juya wa ɗanye baya, ƙwayoyin cuta. Hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta gwada abincin dabbobi tsakanin 2010 da 2012, cikin samfur 196 na ɗanye 15 suna da salmonela, 32 suna da listeriya, kuma wannan fa wanda aka haɗa a masana'anta ne aka daskarar ba tare da wutar lantarki ta ɗauke ba. A 2012 ɗin ƙungiyar likitocin dabbobi ta Amurka ta fito tace bata goyon bayan ba karnuka da maguna ɗanyen nama. To ki kwatanta da namu, naman da aka yanka da asuba ya wuni kan tebur ƙuda na bi, kajin da ake figewa a ruwan zafi ɗaya tun safe, ki kawo gida ki sa a firiza NEPA ta ɗauke wuta ya narke ta dawo ya sake daskarewa. Mu abinda yake cetonmu shine muna dafa nama ya dahu luguf. Kuma sanyin firiza baya kashe salmonela, kwantar da ita kawai yake, da naman ya narke ta farka.

Shi muzurun zai iya ɗauka bai nuna komai ba, amma tana fita a kashinsa, tana bakinsa, ya lashi jikinsa, ya ja naman daga kwano ya kai tsakar ɗaki kamar yadda suke yi, sai 'yarki ta rarrafo ta dafa wurin ta kai hannu baki. Gudawa da zazzaɓin salmonela ga jaririya ba abin wasa bane. Akwai kuma toksofilasma, wata ƙwaya da mage ke ɗauka daga ɗanyen nama ko ɓera ta fitar a kashi, in mace ta kamu da ita karon farko tana da ciki tana iya jawo ɓari ko ta taɓa ido da ƙwaƙwalwar jariri. Ita daskarewa mai ƙarfi na kwanaki yana kasheta a cikin nama, amma wace firiza ce a cikinmu take kwana uku a daskare ba yankewa in ba mai sola ba?

Sai murar tsuntsaye, wadda ita kam magen kanta take kashewa. A Yunin 2023 maguna da yawa sun mutu da ita a Foland, daga baya a shekarar aka samu a Koriya ta Kudu a cikin abincin mage na naman agwagwa da ba a dafa ba, sannan a Disambar 2024 wata magen gida a jihar Oregon ta Amurka ta mutu bayan ta ci daskararren abincin talotalo ɗanye. Mu kuma ba baƙuwa bace a wurinmu, a Fabrairun 2006 a jihar Kaduna aka fara tabbatar da nau'inta mai suna H5N1 a duk faɗin Afirka, kuma tana dawowa lokaci zuwa lokaci. Don haka kayan cikin kaza da kawuna da ake bayarwa kusan kyauta a wajen 'yan kaji, don Allah kar ki bashi ɗanye, balle mushen kaza. Wuta tana kashe duka waɗannan, in tsakiyar naman ya kai digiri 74, wato ba sauran ja ko jini a ciki.

Ta kuɗi, dafaffen gida ya fi buhun waje sauƙi, ɗanye da dafaffe kuma bambancinsu kuɗin gas ne kawai. Ta wahala kuwa na buhu ba mai kamo shi, ki zuba ki tafi aiki.

Abu ɗaya da ɗanye yake dashi wanda dafaffe bashi dashi shine ƙashi. Ɗanyen wuyan kaza yana taunuwa, dafaffen ƙashi kuwa tsagewa yake kamar tsinke ya soki maƙogwaro ko hanji, kar ki taɓa bashi. Ni abinda nake yi a madadinsa ɓawon ƙwai ne, in tafasa shi in shanya in daka ya zama gari lukwi, wajen rabin ƙaramin cokalin shayi a rabin kilon nama.

Da nice ke ga yadda zanyi. Na buhun ya zauna shine ginshiƙi, in ƙara masa dafaffe, cinyar kaza da zuciya da ƙundu da 'yar hanta kaɗan, a ruwa zalla, ba gishiri ba magi ba yaji, albasa da tafarnuwa kuwa guba ne a wurinsu, suna fasa musu ƙwayoyin jini, don haka sauran miya da tsire da kilishi duk ba nasa bane. Kifi ma a dafa, don wasu kifayen in ɗanye ne suna lalata bitamin B1, ƙwai ma a dafa. Ki fara da cokali ɗaya a wani kwano daban, ki ƙara kaɗan kaɗan cikin kwana 7 zuwa 10 kina duba kashinsa, in ya saki ki koma baya. Abinda bai cinye ba cikin rabin awa ki ɗauke, a zafin nan baya jira. In ya ƙi ci kar ki biye wa masu cewa barshi yunwa zata koya masa, mage in ta kwana biyu uku bata ci ba, musamman mai ƙiba, kitse yana taruwa a hantarta kuma yana kisa, ki mayar masa da wanda ya saba ki sake gwadawa bayan kwana biyu.

In kinga kina so dafaffen ya wuce ɗan ƙari ya kai rabi saboda tsadar buhu, to a nan ki kai shi wurin likitan dabbobi a auna shi a tsara miki haɗin, in kina kusa da Zariya ko Sakkwato jami'o'insu suna da asibitin koyarwa na dabbobi, ki tambaya har da garin torin da maganin tsutsar ciki. Kuma ko wanne kika zaɓa, ranar da kika ga yana ta zuwa wurin yashinsa yana tsugunawa yana kuka fitsari baya fita, ki ɗauke shi a ranar ko da dare ne, kar ki bari ya kwana.