Corolla ta 2003 zuwa 2008, ga mai ƙaramin ƙarfi

Gaskiya in kuɗinka ba su taka kara sun karya ba kuma kana neman mota ta hannu, ni dai Corolla ɗin nan zan nuna maka. Ba ta da wani kyau fa, cikinta roba ce zalla kuma in ka hau babban titi ƙara na shigowa sosai, amma injin 1.8 ɗin nan (1ZZ-FE) akwai juriya wlh, sarƙar taimin yake amfani da ita ba bel ba, ga shi ba ta shan mai, kayan gyaranta kuma ba sai ka sha wahalar nema ba.

Inda matsalar take, wasu na farko-farko suna shan baƙin mai saboda ringin fistin, don haka kar ka yarda a ɗuma maka ita kafin ka zo, a tayar a gabanka da sanyinta ka leƙa salansa, in ka ga hayaƙi mai shuɗi-shuɗi ka kama gabanka kawai. Man giya ma a sansana, in yana warin ƙuna akwai magana. Sannan tana cikin motocin da Toyota ta ce a dawo da su a gyara saboda matsalar jakar iska (airbag) ta kamfanin Takata, a duba da lambar VIN (lambar chasis ɗin motar) ko an canja jakar. Tafi da bakanikenka, ba na dillali ba.