MyTherapy ga masu asma da murar alaji: ta iya tuni, ba ta ganin yadda aka shaƙa

Yawancin masu asma ba sa manta shuɗiyar inhela ta salbutamol, wadda ake shaƙa idan numfashi ya toshe, domin ƙirji da kansa yake tuna musu. Wadda ake mantawa ita ce ta kariya, mai budesonide ko beclomethasone ko fluticasone, wadda ake shaƙa safe da dare ko da mutum yana jin garau. Nan ne MyTherapy, manhajar waya ta kyauta mai tuna wa mutum shan magani, ta kamfanin smartpatient da ke Jamus, ta fi yin amfani.

Saita ta ba wuya. Ka rubuta sunan maganin, yawan shaƙa da lokaci, sannan ka shigar da adadin da ke cikin gwangwanin. Kada ka tsallake wannan matakin. Inhela mai shaƙa 120, idan ana yin biyu da safe biyu da dare, kwana 30 take yi, kuma gwangwanin da maganinsa ya ƙare yakan ci gaba da fesa iska, mai shi na zaton yana shan magani. Manhajar tana rage adadin duk lokacin da ka tabbatar ka sha, sai ta yi gargaɗi kafin ya ƙare. Sa gargaɗin a saura 28, wato mako guda.

Ita kuwa salbutamol, a shigar da ita cikin magungunan da ake sha sai buƙata ta taso, babu ƙararrawa, amma a rubuta kowace shaƙa. A ganinmu wannan lissafin ya fi ƙararrawar daraja. Wanda yake neman shuɗiyar inhela fiye da sau biyu a mako, asmarsa ba ta lafa ba, haka ma wanda yake ƙarar da gwangwani uku ko fiye a shekara yana cikin haɗarin mummunan tashin asma. Rahoton da manhajar ke fitarwa yana nuna wa likita wannan a fili, ba sai an dogara da "ina jin kamar sau biyu ne" ba.

Ga murar alaji, maganin fesawa a hanci irin su mometasone yana ɗaukar kwanaki kafin ya kama aiki sosai, shi ya sa ake fara shi kamar mako biyu kafin lokacin ƙurar furanni. MyTherapy za ta tuna maka fesawar, amma wajen bibiyar atishawa da ƙaiƙayin ido wata manhaja mai suna MASK-air ta fi ta, domin kullum tana tambayar hanci, ido da numfashi a ma'auni daga 0 zuwa 100. Maki 50 ko sama alama ce ta cewa maganin bai wadatar ba.

Wata matsala da ake yawan samu daga wayar take. Wayoyin Android da yawa suna rufe manhajoji don tattalin batir, sai ƙararrawa ta yi shiru ba tare da sanarwa ba. A shiga saitin batir a cire wa MyTherapy takunkumi, a ba ta izinin sanarwa, sannan a gwada da tuni na minti biyar.

Akwai kuma yaudarar kai: ƙararrawa ta kaɗa, a danna "na sha" da niyyar tashi, shi ke nan. Rahoto ya yi kyau, ƙirji na nan yadda yake. A danna bayan an shaƙa an kuskure baki, kuma a haɗa lokacin da goge haƙora.

Abin da manhajar ba za ta taɓa gani ba shi ne hannu da baki. Idan ba a girgiza inhelar ba, ko aka fesa kafin a fara jan numfashi, ko ba a riƙe numfashin kamar daƙiƙa 10 ba, maganin ba ya isa huhu yadda ya kamata. Wannan sai likita ko mai harhaɗa magunguna ya kalla da idonsa, kuma sau da yawa bututun da ake jonawa tsakanin inhela da baki ne yake gyara shi.