Wace Ƙwayar Leƙe Za a Saya Don Auna Motsi a Cikin Lu'ulu'u Mai Ruwa-ruwa?

Na'urar EPR, wadda ke amfani da maganaɗisu wajen gano ilektaron marasa abokan zama, ba ta ganin ƙwayoyin lu'ulu'u mai ruwa-ruwa (sinadarin da ke kwarara kamar ruwa amma ƙwayoyinsa na jere kamar na lu'ulu'u) da kansu, don haka sai an cusa musu baƙuwar ƙwaya mai ɗauke da ilektaron guda marar abokin zama, wato ƙwayar leƙe. Galibi ƙwaya nau'in naitroksaid ake sawa, wadda ke fitar da layuka 3 a zanen sakamakon na'ura mai aiki a kusan gigahaz 9.5, kuma daga faɗin layukan da tazarar da ke tsakaninsu ake gane saurin juyawar ƙwayoyin da daidaiton jerinsu.

A cikin ƙwayoyin naitroksaid, TEMPO ta fi araha da sauƙin samu, sai dai ƙarama ce mai kusan siffar ƙwallo, tana wulwulawa tsakanin maƙwabtanta ba tare da ta bi sahunsu sosai ba. Ta dace da koyar da ɗalibai. Mai neman sirarran layuka zai fi amfana da Tempone da aka musanya haidirojin ɗinta da diyuteriyom, irin wadda rukunin Jack Freed na Jami'ar Cornell ya yi aiki da ita, ko da yake tsadarta ta fi.

A ganina, wanda kuɗinsa bai wuce na kwalba ɗaya ba ya sayi CSL, wadda aka gina a kan kolestan, wani sinadari dangin kolestarol. Doguwa ce, ba ta lanƙwasa, tana kwanciya daidai da ƙwayoyin da ta shiga cikinsu, saboda haka abin da ta nuna game da jeri ya fi kusa da gaskiya. Su kuwa ƙwayoyin leƙe 5-doxyl da 16-doxyl na sitiyarik asid, wani sinadarin kitse, jelarsu tana lanƙwasa, kuma raba wannan lanƙwasar da motsin da ake nema aiki ne mai cin lokaci.

Ga mai aiki a Legas, yanayin garin ma yana da ta cewa wajen zaɓen lu'ulu'un. Sinadarin 5CB, wanda aka fara haɗawa a rukunin George Gray a Jami'ar Hull cikin 1972, yana rasa jerinsa a kusan digiri 35 na Salshiyas, kuma ɗakin gwaji a Akoka ko Yaba kan kusanci hakan da rana idan an ɗauke wuta. MBBA yana riƙe jeri har kusan digiri 47, amma danshi yana lalata shi, danshi kuwa ba ya ƙaranci a bakin teku. Saboda haka na'urar daidaita zafi ta shiga cikin kasafi tun farko, tare da tukunyar iskar naitirojin don korar iskar oksijin, wadda ke faɗaɗa layuka. Kada kuma ƙwayar leƙen ta wuce kusan milimol 1 a kowace lita, domin yawanta ma yana faɗaɗa su.

Kafin a biya, a nemi dillali ya rubuta sharuɗɗan ajiyar kayan, tunda suna iya kwana a hannun kwastan a Ikeja.