Furen makrame ko na kwarashi: wanne ya dace da bangon ɗakin amarya?

'Yar'uwa da kika yi tambaya daga wajen Ringim, sannu da hidima, Allah ya sanya alheri ya kai mu lokacin. Ga waɗanda ba su ga tambayar ba: ƙanwarta ce za ta tare bayan Sallah, ɗakin ginin ƙasa ne amma an yi masa shafen siminti da fenti, tana so ta yi mata furen ado na bango da hannunta maimakon furen roba na kasuwa. Ta ga na makrame a waya ya shiga ranta, ga shi kuma ta ɗan iya kwarashi tun tana makaranta. Shi ne take neman a faɗa mata wanda za ta kama.

In dai bango ne, makrame za ki yi. Sai dai ba irin farin nan mai gashi buzu-buzu da ake yawan ɗorawa a hoto ba. Bari in jera miki su biyun ki ga dalili.

Kwarashi zare ɗaya ne tak daga farko har ƙarshe. Kina jan madauki ta cikin madauki da ƙugiya, ki yi sarƙa biyar ko shida ki haɗe ta ta zama zobe, ki zagaye ta, sannan ki tayar da ganyen furen ɗaya bayan ɗaya. Abin da yake fitowa ƙyalle ne mai laushi, duk inda kika ajiye shi zai bi ya kwanta. Makrame kuwa babu ƙugiya, babu allura. Igiya ake yankawa gunduwa-gunduwa a ɗaura a jikin zobe ko sanda, a yi ta ƙulli da yatsu har siffa ta fito. Shi yana da jiki, in kin ɗaga shi yana tsayawa da kansa. Tun asalinsa ma abin rataya ne: masaƙan Larabawa ne suke ƙulla rarar zaren da ya yi saura a bakin mayafi da tawul ya zama geza, daga nan aikin ya shiga Turai ta Andalus, ma'aikatan jiragen ruwa suka yi yawo da shi, ya zo ya yi tashe sosai a Amurka a shekarun 1970. Don haka in kin rataye shi, gidansa ya je.

Furen kwarashi a bango shi ne matsalar. Ranar da kika kafa shi zai yi kyau, bayan kwana biyu ganyen sama ya sunkuyo, gefuna su naɗe. Wasu sukan tsoma shi a sitaci ya bushe ya yi ƙarfi, amma da damina ta sauka ɗaki ya yi danshi sai ya saki, ga kyankyaso da yake bin sitaci. In har kin nace sai na kwarashi, to ki samu faifai mai kyau ki ɗinke furannin a kansa da zare da allura, faifan ya ɗauki nauyin. Hakan yana yin kyau ƙwarai, kuma ya fi kama da adon ɗakunanmu.

Yanzu shi kansa makrame kashi biyu ne, kuma a nan mutane suke ruɗewa. Akwai mai taje, akwai mai ƙulli.

Mai taje shi ne wanda na tabbata kika gani. Ki samu zobe mai faɗin santimita 4 ko 5, zoben labule ya yi, tsohon awarwaron yara ma ya yi. Ki yayyanka igiyar auduga kamar santimita 15 kowace. Ki ninka ɗaya biyu, ki cusa lanƙwasar ta ƙarƙashin zoben, ki zaro bakin biyu ta cikinta ki ja. Irin zargen da ake wa igiyar akuya a turke ne, ba wani abu sabo ba. Haka za ki yi ta jerawa har zoben ya cika ba a ganin jikinsa. Sai ki warware murɗin kowace igiya, ki sa mataji mai ƙananan haƙora ki taje daga baki zuwa gindi, ki shimfiɗa a kan kwali, ki bi da almakashi ki zagaye. Kafin a kira la'asar kin gama in kin fara bayan azahar. Yana fitowa kamar a ɗauka a ci, ba musu.

To amma ki tuna inda za ki kai shi. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu ƙurar hunturu ba ta neman izini, ko an rufe taga sai ta shigo. Wannan gashin da aka taje kowane silinsa matattarar ƙura ne. Ga ɗakin amarya ba ya rabuwa da turaren wuta, safe da yamma, hayaƙin kuwa mai maiƙo ne, yana kama farar auduga ya mayar da ita ruwan ƙasa-ƙasa, ƙurar ta zo ta manne a kai. In an ce a wanke, gashin ya cukurkuɗe ya dunƙule, sai an sake tajewa an sake datsewa, kowane wanki furen yana raguwa. Waɗancan hotunan a ɗakuna masu tagar gilashi aka ɗauke su, inda ba a kunna kasko. Amarya da take fama da baƙi da girkin gidan surukai ba ta da lokacin taje fure.

Mai ƙulli ya fi cin lokaci, amma shi nake ba ki shawara. A nan igiya ɗaya ake riƙewa a miƙe, ita ce ƙashin bayan layin, sauran kuma kowace ta naɗe ta sau biyu a ja ta matse. In kin kai ƙarshe kin samu layi ɗaya mai tudu, ƙulli na bin ƙulli. Sai ki juya waccan igiyar ki dawo da wani layin a ƙarƙashinsa. Inda kika karkata ta, nan layin zai bi, da haka ake fitar da ganye mai faɗi a tsakiya mai tsini a baki. Sirrin ɗaya ne: hannun da yake riƙe da ƙashin bayan kada ya saki. Da ya yi sako-sako, ƙullin zai juye ya hau kan igiyar da ba ita ba, layin ya karkace. Ki yi ganye biyar ko shida, ki tattaro jelarsu a baya ki ɗaure tam, ki rufe tsakiya da babban maɓalli, ko dutsen ado, ko dunƙulen ƙulli na wata kala. Wannan in ya yi ƙura, tsohon burushin haƙori ya ishe shi. In ya yi datti sosai a tsoma a ruwan sabulu, a matse da tawul ba tare da an murɗa ba, a shanya a inuwa a shimfiɗe.

Ta fuskar wanki dai kwarashi ya fi su duka sauƙi, wannan gaskiya ce. Ulun da ake sayarwa a kasuwanninmu yawancinsa ba gashin tumaki ba ne, zaren roba ne, ana wankewa ya bushe nan da nan, kalarsa ba ta zuba. Gara ma ba ta cinsa. Auduga kuwa abincinta ce, kuma kin ce ginin na ƙasa ne. Shafen siminti ba ya hana gara, tana bi ta bayansa ta ɓullo ta wata 'yar tsaga, musamman da damina. Saboda haka kada furen ya manne da bango. Ki rataye shi a ƙusa doguwa yadda zai ɗan yi tazara, a riƙa ɗagawa ana leƙa bayansa ranar shara. Ita kuma roba tsoronta wuta: garwashi ɗaya ya yi tsalle daga kasko, sai ki ga wurin ya narke ya ƙanƙance.

Wannan ma ita ce hanyar gane abin da aka sayar miki. Ki yanki ɗan guntu ki kusanta shi da ashana a tsakar gida. Auduga tana ci kamar takarda, ta bar toka mai laushi da za ki murje da yatsa. Roba tana narkewa, ta yi wari, ta bar baƙin dunƙule mai tauri.

Samun kayan aiki shi ne inda kwarashi ya sake yin gaba. Ulu da ƙugiya ko wajen 'yan koli ranar kasuwa za ki samu, da kuɗi kaɗan. Igiyar makrame ta auduga ba haka take ba, sai an shiga Kano an nema wajen masu kayan ɗinki da saƙa, ko a saya ta waya a aiko a mota, kuma ta fi ulu tsada. In za ki aika, ki ce mai kaurin milimita 3, in babu a kawo 4. Ki kuma bambance: akwai mai murɗi, akwai mai kitso. Mai kitso ba ta tajuwa ko kaɗan, amma ga fure mai ƙulli ba laifi. Akwai kuma igiyar roba mai sheƙi da mata suke saƙa jaka da ita, wadda ta fi sauƙin samu. Tana yin fure mai ƙulli, tana jure wanki da gara, sai dai tana da santsi, dole ki ja kowane ƙulli da ƙarfi, ki kuma ƙona bakin kowace igiya kaɗan don kada ta warware. Ni dai sheƙin nata ba ya burge ni a bango, yana sa aikin hannu ya koma kamar na kamfani, amma wannan ra'ayina ne, wasu shi suke so. Igiyar rama da ake tufkawa a gida ma tana yi in siririya ce, ta fi dacewa da zaure ko rumfa, don tana zubar da gashi.

Batun kala kada ki raina shi. Fari fat ba na ɗakinmu ba ne. Ulu da kalarsa yake zuwa, abin da kika saya shi ke nan, rinin gida ba ya kama shi. Auduga kuwa tana shan rini yadda ake so. Mu da muke da marinar Ƙofar Mata da marinan Kura ai ba ma rasa shuɗi, kuma shuɗin baba a kan bango mai farin fenti ko ruwan madara abin kallo ne. Karan dafi yana ba da ja mai duhu. Gangamau yana ba da rawaya mai kyau amma ba ya daɗewa, haske yana cinye shi. Duk wanda kika zaɓa, ki rina igiyar tun tana doguwarta kafin ki sa almakashi, ki ɗauraye har ruwan ya fito fes, ta bushe sarai. Auduga tana ɗan tsukewa in ta sha ruwa, in kin yanka kafin rini awonki zai ɓaci. Shuɗin da ba a ɗauraye da kyau ba kuma zai bar shaida a bangon amarya.

Sauran bambancin na zaman aiki ne. Kwarashi a jaka ake jefa shi, a gidan suna ma kina hira kina yi, kuma in kin ɓata sai ki zare ƙugiya ki ja zaren ya warware har inda kike so, ba asarar ko taƙi. Makrame yana son wuri. Ki samu kwali mai kauri ko matashi mai tauri, ki kafe aikin da fil, ki zauna inda yara ba za su kwashe miki yankakkun igiyoyi su tafi wasan 'yar tsana da su ba. Ƙullin da ya karkace ana kwance shi da bakin allura, amma igiyar da aka yanka ta gaza ba ta da magani sai ƙari, ƙarin kuwa yana nunawa. Ƙulli yana cin igiya fiye da yadda ido yake zato, kusan ninki huɗu na tsawon abin da ake son samu, in kuma ninka ta biyu za a yi, ninki takwas. Yatsu ma za su yi zafi kwanakin farko, musamman ɗan manuni.

Kada rashin iyawa ya tsorata ki. Fure ƙulli biyu kawai yake buƙata, zargen nan da naɗi biyun, kuma hannun da ya saba daidaita jan zare a kwarashi ba zai sha wuya ba. Ki fara gwadawa da kowace tsohuwar igiya, ki yi ganye biyu ko uku na banza har layinki ya miƙe.

Da ni ce, fure uku zan yi: babba ɗaya mai faɗin faranti, ƙanana biyu a gefensa, a ɗaure su a jikin sanda guda da aka feƙe aka goge, a rataye a bangon da ba ya kallon taga kuma ba a ajiye kasko a ƙarƙashinsa. Kwarashinki kuma ba a bar shi ba, ki yi ƙananan furanni na kan matasan kujera da shimfiɗar kan teburi da kalar da ta shiga da na bangon, tunda su ne ake taɓawa kullum ana wankewa.

Ga lissafin igiya don kada a yi miki aike biyu. Ganye mai tsawon santimita 10 zai ci igiya shida masu santimita 80 kowace, wato kusan mita 5. Ganye shida kusan mita 30 ke nan na babban furen. Ƙananan biyu ba za su wuce wani mita 30 ɗin ba tare. Ƙunshi ɗaya mai mita 100 ya ishe ki har da na rataya da na kuskure. Amma kada ki yanke duka a zama ɗaya. Ki yanki na ganye ɗaya ki ƙulla shi har ƙarshe, ki ga abin da ya rage a jela, don jan hannun kowa daban ne. In ya yi saura da yawa ki rage awon, in da ƙyar ya kai ki ƙara santimita 10, sannan ki yanki sauran.