Ivermectin ko fenbendazole: wanne za a ɗura wa dokin da ke kiwo a fadama?

Wani ɗan'uwa a wannan zaure ya ce yana da goɗiya da duƙushinta ɗan wata uku, da ingarma ɗaya, duk yana sakinsu fadama tun faɗuwar ruwa. Mai shagon magani ya nuna masa ivermectin da fenbendazole, shi ne yake tambayar wanne ya fi. Malam, dabbobinka uku ne, amma magani ɗaya ba zai wadatar da su ba.

Ga manya, ingarman da goɗiyar, ni ivermectin nake zaɓa. Yana kashe ƙananan tsutsotsin hanji da doki ke kwasowa a jikin ɗanyar ciyawa, da manyan da ke bin jijiyar jini su jawo ciwon ciki mai kayar da doki. Yana kuma isa inda fenbendazole ba ya isa. Ka duba gashin ƙafafun gaba: idan ka ga wasu ƙananan ƙwai masu ruwan ɗorawa manne da shi, na ƙuda ne. Doki ya lasa, tsutsar ta sauka cikinsa ta maƙale. Ivermectin na fitar da ita, fenbendazole kuwa ko gezau. Haka gyambon nan na damina da ke ƙin warkewa a gefen ido ko ƙafa, sau da yawa ƙuda ne ya zuba tsutsa a ciki. In kuma kana haɗa kiwo da jakuna, ka sani jaki kan ɗauki tsutsar huhu ba tare da ya nuna ba, doki ne zai yi ta tari. Nan ma ivermectin ne, kuma har jakin za a ba.

Duƙushi fa? A nan lissafi ya juya. Babbar abokiyar gabarsa ita ce doguwar farar tsutsar nan mai kaurin fensir, wadda ke sa tumbi ya yi girma, gashi ya tashi. A ƙasashe da yawa ta daina jin ivermectin, amma fenbendazole na cin ta. Kuma a hankali yake kashe ta, wanda hakan rahama ce, don in suka mutu lokaci guda suna iya toshe hanjin ƙaramar dabba. Daga wata biyu zuwa uku ake fara ba shi, wato naka ya isa. Raunin fenbendazole a wurin manya yake: an daɗe ana ɗura shi, har ƙananan tsutsotsin hanji sun saba da shi a wurare da dama.

Tsila kuma duk su biyun ba sa taɓa ta, sai wani magani daban, kamar praziquantel.

Yanzu awo, inda mafi yawanmu ke kuskure. Ivermectin miligiram 0.2 ne ga kowane kilo ɗaya, fenbendazole kuma 7.5. Dokin kilo 300 ke nan zai sha miligiram 60 na farko, ko 2,250 na biyun. Kada ka auna da ido. Ari tef ɗin tela, ka zagaya ƙirji inda majayi ke zama, sannan ka auna daga kafaɗa zuwa ƙarshen kuturi, duk da santimita. Ninka awon ƙirji da kansa, ka ninka da tsawon, ka raba da 11,880, abin da ya fito shi ne kimanin nauyin dokin da kilo. Rage magani don ya isa dabba biyu, shi ne ke koya wa tsutsa jure masa.

Don Allah ta baki za a ba shi. Na taɓa barin wani mai yawo da magani ya yi wa dokina allurar ivermectin ta shanu a wuya. Kwana biyu wuyan ya kumbura, ya kasa sunkuyawa ya ci harawa, sai da likita ya tsaga wurin. Ban manta da yadda dokin yake kallona ba. A Amurka ma tun 1984 aka janye allurar ivermectin ta dawaki saboda irin wannan.

Duk da haka, in kashi na nan zube a inda suke kiwo, ko wanne ka ɗura, makonni kaɗan sun sake kwasa. A kashi ƙwan yake, damina ta ƙyanƙyashe shi, tsutsar ta hau ciyawa da raɓar safiya. Ka sa yara su kwashe shi sau biyu a mako, a tara a gefe ya ruɓe ya zama taki. Ka riƙa sauya turke, kuma ka bar shanu ko tumaki su bi bayan dawakin, don yawancin tsutsar doki ba ta rayuwa a cikinsu. Kullum da yamma ka ɗaga kofato, ka duba kaska a kunne da ƙarƙashin wutsiya.

Kafin ka sayi komai, ka ɗebi sabon kashin kowanne a leda daban, ka kai asibitin dabbobi mafi kusa, ko na Jami'ar Ahmadu Bello in kana wajen Zariya, a ƙirga ƙwan. Bayan mako biyu da ɗuri ka sake kaiwa. In ƙwan bai ragu sosai ba, to wannan maganin ya daina aiki a bargarka, sai likita ya sauya maka wani.